Buri Ɗaya, Mako 40: Yadda Ake Tsara Burin Aiki a Kuma Riƙe Shi Har Ƙarshen Shekara

Akwai wani littafin rubutu mai jan bango da na saya a wani Janairu, na jera abubuwa 9 a shafinsa na farko waɗanda na ce sai na cim musu kafin Disamba. In iya Excel sosai, in yi rijistar digiri na biyu, in buɗe ɗan shago a gefe, in nemi canjin wurin aiki, da sauransu. Kafin azumin shekarar ya kai goma, littafin ya koma hannun uwargida tana rubuta lissafin cefane a bayansa. Da lalaci a ciki, ba na musu. Amma babban kuskuren shi ne na tsara shekarar kamar watanninta 12 duk nauyinsu ɗaya, alhali kowa ya san shekararmu ba haka take tafiya ba. Akwai azumi, akwai salla biyu, akwai damina, ga biki, ga rasuwa, ga watan kuɗin makarantar yara, ga zafin Afrilu da karatun shafi biyu ma ke gagara in an ɗauke wuta.

Abin da ke tafe hanya ce da na koya bayan faɗuwa irin wannan fiye da sau ɗaya. Ta shafi ma'aikacin ofis, ta shafi malamar makaranta, ta shafi tela da mai gyaran waya da ɗan bautar ƙasa. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma ke ma da ke nake.

Mataki na 1: Fara da bara

Kafin ka rubuta komai game da bana, ka zauna da bara tukuna. Raba takarda gida uku. A gidan farko ka rubuta abin da ya shigo maka, albashi ne ko ciniki, wata-wata gwargwadon abin da za ka iya tunawa. A na biyu, abin da ka iya yau wanda ba ka iya shi ba a Janairun bara. A na uku, damar da ta wuce ka da abin da ya sa ta wuce.

Gida na ukun nan shi ne mai amfanin. An tallata gurbin aiki ba ka nema ba, me ya hana ka? Takarda ce babu, ko kwamfuta ce ba ka iya ba, ko labarin ne bai iso ka ba sai da aka rufe? In kai tela ne, wane aiki ne kake mayarwa ka ce a kai wani shago? In duk salla sai ka ɗauki wuyan riguna ka kai wa mai injin surfani ya ci rabin ribarka, to ga burinka nan yana kallonka, ba sai ka je nesa ba.

Kada ka rubuta "rashin hanya" ka ajiye biro. Ana ɗaukar aiki da sanayya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma ba abu ne da za ka gyara da hannunka cikin wata 12 ba. Ka tono dalilin da yake hannunka.

Mataki na 2: Zaɓi guda ɗaya, sauran su jira

Taura biyu ba ta taunuwa. Duk abin da kake sha'awa ka rubuta shi, amma a shafin ƙarshe na littafin, ka sa masa suna "jira". Shafin farko na abu ɗaya ne. Yadda za ka gane shi: a cikin jerin nan, wanne ne in ya samu zai sauƙaƙa sauran? Wanda ke son digiri na biyu da shago da canjin aiki, sau da yawa abin da ke ƙarƙashinsu duka shi ne ƙarin kuɗin shiga ko wata takarda guda. Wannan za ka ɗauka.

Ka kuma tambayi kanka burin na waye. Da yawa abin da muke kira buri kwaɗayin abin da muka gani ne a Facebook. Wane ya saka hoto da kwamfuta a cinya, kai ma sai ka ce za ka koyi rubuta manhaja, alhali ko awa ɗaya ba ka taɓa jure zama gaban allo ba. Mun ga yadda guguwar danna waya don haƙar kuɗin kirifto ta 2024 ta cinye wa matasa watanni, har da masu sana'a a hannu, ana jiran fashewa, wato ranar da abin zai zama kuɗi. Fashewar da ta zo wa mafi yawa ko kuɗin data ba ta mayar ba. Watannin nan da an zuba su a koyon haɗa sola ko gyaran allon waya, da yanzu wani zance ake.

In ka zaɓa, sai rubutawa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. "Ina so in ci gaba a sana'ata" fata ce, ba ta da ranar da za a ce ta cika ko ba ta cika ba. Wasu masana halayyar ma'aikata biyu, Edwin Locke da Gary Latham, sun shafe shekaru da dama suna nazarin wannan, kuma abin da suka yi ta samu shi ne mutum ya fi yin aiki in an ba shi takamaiman abu mai ɗan wuya fiye da in an ce masa "yi iya ƙoƙarinka". Duk maigidan shago ya san haka ba tare da ya karanta su ba. Ka ce wa yaro "yi sauri", sai ya wuni a riga ɗaya. Ka ce masa "wando 4 kafin la'asar", sai ka ga aiki.

Saboda haka jimlar burinka ta ƙunshi abu uku: mene ne, nawa ne, yaushe ne. Tela zai rubuta: "Kafin 30 ga Nuwamba zan mallaki injin surfani, in kuma iya fitar da wuyan riga 3 a rana ba tare da an gyara min ba." Malama za ta rubuta: "Bana zan zauna jarrabawar rijistar malamai in karɓi lasisina." Ɗan bautar ƙasa: "Kafin ranar sallama zan haɗa sola a gidaje 5 da hannuna, ko da kyauta ne biyun farko."

Sai wata rarrabewa da ke hana karyewar zuciya a tsakiyar shekara. Akwai abin da ke hannunka, akwai wanda ke hannun mutane. Samun aiki a wata hukuma ba a hannunka yake ba. Tura takardar neman aiki 4 kowane wata, kowace an gyara ta daidai da gurbin da ake nema, wannan a hannunka yake. Ƙarin girma yana jiran gurbi da sa hannun wasu, amma cin jarrabawar da cikar fayil naka ne. Ka rubuta na farkon a matsayin inda ka nufa, ka auna kanka da na biyun. In sha Allahu da muke faɗa tana nan daram, sai dai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Mataki na 3: Nemo ƙofar da ranar da ake rufe ta

Kusan kowane burin aiki yana da ƙofar da wani ne ke buɗe ta ya rufe, ba ya kuma tambayarka ko ka shirya. Aikin makon farko shi ne ka gano ƙofar, ka san sharuɗɗanta daga bakin masu ita. Abin da aka faɗa a majalisa ko aka turo a WhatsApp ba hujja ba ce. Ka shiga shafin hukumar, ko ka taka ka je ofishinta, ko ka sami wanda ya bi hanyar bara ka zauna da shi.

Ga misalai yadda abin yake ɗaure da juna. Wanda ya yi digiri a kimiyya ko tattalin arziki yana koyarwa a makarantar kuɗi, in yana son rijista da hukumar rijistar malamai ta ƙasa, TRCN, ba zai tafi kai tsaye ba, domin ana buƙatar shaidar ilimin koyarwa, aƙalla NCE ko kuma difloma ta PGDE ga mai digirin da ba na koyarwa ba. Ke nan burinsa na bana ba lasisi ba ne, samun gurbin PGDE ne, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna wadda ke yin karatun daga nesa. In bai san wannan a Janairu ba, sai ya gano a Agusta ya ce shekara ta ci shi.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da nasa lissafin. Sabon ɗauka yana yin shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi. Daga matakin albashi na 06 zuwa ƙasa ana cika shekara 2 kafin a cancanci ƙarin girma, daga 07 zuwa 14 shekara 3, daga 15 zuwa sama shekara 4. To ka duba takardar ƙarin girmanka ta ƙarshe ka ga ko bana ce shekararka. In ita ce, ka je sashen mulki ka tabbatar rahoton aikinka na shekarun nan yana cikin fayil, da takardar tabbatarwa, da duk shaidar ƙarin karatu. Na ga wanda ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa amma sunansa bai fito a jerin masu zama jarrabawa ba, saboda fom ɗaya da ba a sa wa hannu ba shekara biyu baya. In kuma ba bana ba ce, to kada ka ɓata shekarar kana jiran abin da ba zai zo ba, ka sa burinka a kan abin da zai ƙara maka nauyi ranar da lokacin ya yi.

Mai neman tallafin karatu a waje ya san cewa shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya yakan buɗe a Agusta, yana kuma neman ƙwarewar aiki ta awa 2,800, wato kimanin shekara 2. Mai sana'ar hannu da ke son takarda ya san jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago hawa uku ce, ana farawa daga aji na 3, a je na 2, a ƙare da na 1. Mai shago da ke son karɓar kwangilar ɗinkin kayan makaranta ko buɗe asusun banki da sunan shagonsa, rijistar suna a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC ce ƙofarsa ta farko.

In ka san ranar rufewa, sai ka faro lissafi daga can ka dawo baya. A ce ana rufe karɓar takardu a ƙarshen Oktoba. To ka sa wa kanka ƙarshen Satumba, saboda shafin intanet yakan cushe a kwanakin ƙarshe. Wasiƙar shaida daga malamanka ko shugabanka, ka roƙe su tun Yuli, domin malami zai ce "ka tuna min" sau uku kafin ya rubuta. Takardar sakamakon jami'a kuwa ka nema tun farkon shekara. Ni da kaina na taɓa rasa gurbin karatu a kan wannan takarda. Na ɗauka aikin mako biyu ne, ta ɗauki wata huɗu, na yi sintiri har na gaji, ranar da ta fito an riga an rufe. Tun daga nan duk abin da zai bi ta hannun wani ofis nakan ninka lokacin da aka faɗa min sau biyu, wani lokacin ma sau uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 4: Zana shekararka ta gaske

Shekara mako 52 ce a kalanda. A rayuwa ba ta kai ba. Ɗauki kalandar ka fara sokewa. Azumi mako 4, kuma ka tuna yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2025 an ɗauke shi ranar 1 ga Maris, ke nan a shekarun nan yana faɗowa ne a farkon shekara, daidai lokacin da sabon tsari yake jariri. Wannan ne ya sa burin Janairu da yawa ba sa ganin ƙaramar salla. Soke makon ƙaramar salla da na babba. Soke mako 2 na rashin lafiya, taka ko ta yaro, domin zazzaɓin damina ba ya neman izini. Soke wasu na biki da rasuwa da tafiyar da ba ka shirya ba. Abin da zai rage bai fi mako 40 ba, kuma a kansu za ka gina.

Yanzu ga lissafin da ke kwantar da hankali. Awa 5 a mako, sau 40, awa 200 ke nan. Awa 200 a kan abu guda ba wasa ba ce. Ta isa mutum ya gama manhajar jarrabawa ya maimaita, ta isa hannu ya faɗa a kan sabon inji. Amma in ka raba ta gida 9 kamar yadda na yi, kowane buri ya sami awa 22 a shekara, wadda ba ta isa komai ba sai fara abu a bari.

Makonnin nan 40 ma ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace sana'a da yadda shekararta take numfashi. Tela daga wata guda kafin azumi har zuwa babbar salla ba shi da lokacin kansa, tsakanin sallolin biyu ma kwana kusan 70 ne kacal. Wannan lokacin tara kuɗi ne, duk wanda ya sa koyon sabon abu a ciki ya yaudari kansa. Lokacin koyo shi ne bayan babbar salla, sanda shago ya yi shiru ana zaman hira. Malamar makaranta tana da zango 3, kuma makon jarrabawa da na cike sakamako ba nata ba ne, amma dogon hutun Agusta nata ne in ta tsare shi tun kafin a cika mata shi da aikace-aikacen gida. Ma'aikacin da ke taɓa noma ya san Yuni da Yuli na shuka da noman farko ne, Oktoba da Nuwamba na girbi, Asabar da Lahadinsa duk suna gona. Ɗan kasuwa ya san da kaka ne kuɗi ke hannun manoma.

To ka yi wa watanninka alama iri uku. Watan nauyi, wanda za ka ba burin awa 8 ko 10 a mako. Watan tsaka-tsaki. Sai watan riƙo, wanda abin da ake nema kawai kada igiyar ta tsinke. A azumi ba za ka yi karatun awa biyu bayan tarawihi ba, kada ma ka rubuta. Amma minti 15 bayan sahur, ana maimaita abin da aka riga aka sani, wannan mai yiwuwa ne, kuma ya isa ya sa bayan salla ka ci gaba daga inda ka tsaya maimakon ka koma farko.

Mataki na 5: Kuɗin burin

Kowane buri da farashinsa: kuɗin fom, kuɗin koyo, data, kuɗin mota, kayan aiki. Ka jera su duka ka tara, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 mun ga yadda farashin da aka faɗa maka a Janairu yake zama labari kafin Yuni. Shi ya sa in burinka sayen inji ne ko kwamfuta, ka riƙa leƙa kasuwa kana jin farashi duk wata, kada ka tara wata 10 a kan tsohon lissafi. Abin da za a iya saye gutsure-gutsure, kamar kayan gyaran waya, a fara saye tun yanzu.

Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun 2024, alawus ɗin bautar ƙasa kuma 77,000. Ba wanda zai ce maka ajiya daga irin wannan kuɗi abu ne mai sauƙi. Amma 10,000 a wata, sau 10, ta zama 100,000, kuma dabarar ita ce a cire ta ranar da kuɗi ya shigo. Wanda ya ce sai ƙarshen wata zai ajiye abin da ya rage, ba abin da zai rage.

Adashe ya fi asusun banki riƙe mutum, saboda kunyar uwar adashe ta fi ƙarfin niyya. Sai dai ka yi shi da lissafi. Tun wajen shiga ka nemi a ba ka kwasar da ta faɗo wata guda kafin ranar biyan kuɗin fom ko sayen injin. In kwasarka ta faɗo mako biyu kafin salla, kai ma ka san inda kuɗin zai tafi. Kuma ka shirya amsar da za ka ba masu anko da gudummawa tun kafin su zo. Zumunci wajibi ne, amma ba kowane anko ne zumunci ba. "Kuɗina yana cikin adashe" amsa ce da ba ta ɓata wa kowa rai.

Mataki na 6: Sauko da shi cikin mako

Buri ba ya rayuwa a shekara, a ranar Talata da ƙarfe 6 na safe yake rayuwa ko ya mutu. Ka zaɓi ranaku da lokaci da wuri, ka ɗaure su da abin da ba ka fashinsa. Mu salloli biyar sun riga sun yanka mana yini, sai a yi amfani da su. "Bayan asuba, Litinin da Laraba da Asabar, a ɗakin zaure, awa ɗaya." "Bayan la'asar in na rufe shago, in wuce wurin mai koya min." Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da sigar "in kaza ya faru zan yi kaza" ya fi cika ta a kan wanda ya bar ta a buɗe. Dalilin a fili yake, ka riga ka yanke shawarar, ba sai ka sake yin gardama da kanka kullum ba.

Irin wannan ƙullin za ka yi wa matsalolin da ka san suna tafe. In an ɗauke wuta, in karanta takardun da na buga. In data ta ƙare, in kalli darussan da na sauke tun farkon wata. In baƙo ya zo, in rama gobe bayan isha'i. Wayar kuma, in ba da ita kake karatun ba, ka bar ta a wani ɗaki. Ba na cewa ka kashe ta don na san ba za ka kashe ba.

Kowane mako ya kasance da abu ɗaya da za a iya nunawa da yatsa: babi 2 da tambayoyinsu, wuyan riga ɗaya da aka gama, takardar neman aiki ɗaya da aka tura. "Na ɗan taɓa karatu" ba ya shiga lissafi.

Mataki na 7: Wa zai sani?

An raine mu a kan cewa ba a faɗin abu sai ya tabbata, saboda baki. Akwai hikima a ciki, ko ba don baki ba, domin wanda ya shelanta burinsa a Facebook ya sha "Allah ya sa albarka" ɗari biyu yakan ji kamar ya riga ya yi rabin aikin. Amma ɓoyewa gaba ɗaya ma tana da illa, in ka bari ba wanda zai tambaye ka.

Mutum ɗaya ya isa, biyu in sun yi yawa. Wanda ya riga ka bin hanyar, wanda kake jin nauyinsa, wanda zai iya ce maka "ina aka kwana?" ba tare da ka ji haushi ba. In za ka roƙe shi, kada ka ce ya zama jagoranka a rayuwa, wannan nauyi ne da mai aiki zai guje wa. Ka ce, "Yallaɓai, ina shirin zama jarrabawa kaza a wata kaza, ko zan iya kawo maka abin da na yi sau ɗaya a wata ka duba min na minti goma?" Da wuya a ƙi irin wannan roƙo.

Sai mutanen da lokacinka yake hannunsu. Yaron shago da ke son koyon wani abu a waje ya sami maigidansa da ladabi tun da wuri, kada labari ya iske shi daga bakin wani. Matar aure da za ta yi karatu ta zauna da maigida a kan ranaku da kuɗi da wanda zai riƙe yara, a gama magana tun kafin a biya kuɗin fom. Magidanci ma haka, in iyali ba su san dalilin rufe ƙofar nan ta bayan asuba ba, za a yi ta ƙwanƙwasawa.

Mataki na 8: Dubawa, da abin yi in an zame

Duk Juma'a da yamma, minti 10. Tambaya uku: me na ce zan yi, me na yi, me ya hana? Ka rubuta, ko da layi ɗaya ne. Duk ƙarshen wata kuma ka ƙirga awannin da kuɗin, ka gwada da abin da ka tsara. Bayan kowace salla ka yi babban zama, domin nan ne tsari ya fi kwancewa.

Za ka zame, wannan ba tantama. Mako biyu za su wuce ba ka taɓa komai ba. Haɗarin ba a makonnin biyu yake ba, tunda mun riga mun cire 12 daga lissafi. Haɗarin yana cikin maganar da ke biyo baya, "ai bana ta riga ta lalace, sai baɗi." In ka ji ta a ranka, kada ka yi yunƙurin rama duk abin da ya wuce a kwana biyu. Ka koma da mafi ƙanƙantar abu, minti 15 gobe a lokacin da aka saba, jibi a ƙara.

In kuma wata 2 a jere kana kasa cika abin da ka ɗora wa mako, to tsarin ne ya yi maka yawa. Rage shi. Awa 3 da ake yi ta fi awa 8 da ke kan takarda. Wani lokacin lokacin ne bai dace ba, mai aikin dare ba zai yi karatun asuba ba, sai a canza.

Akwai kuma ranar da burin kansa ne ya kamata a sauya, kuma ba abin kunya ba ne. An yi maka canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ko an ɗage jarrabawar, ko farashin injin ya ninka, ko mahaifi ya kwanta ciwo kai ne a kansa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yadda nake bambance sauyi da gudu shi ne in tambayi kaina: wani sabon abu ne ya faru a waje, ko dai abin ne ya fara wuya? In wuya ce, yawanci alama ce an shigo tsakiyar aikin, inda ɗokin farko ya ƙare kuma ƙarshen bai bayyana ba. Nan ne ake kiran mutumin nan na mataki na 7. In kuwa yanayi ne ya canza da gaske, ka zauna ka sake rubuta jimlar da sabuwar rana, ka sanar da shi, kada ka bar burin ya mutu shiru.

Tun daga watan farko ka tanadi jaka ɗaya, ta leda ko ta cikin waya, da kake zuba shaidar duk abin da ka yi: rasit, takardar kammala kwas, hoton aikin da ka haɗa kafin da bayan, saƙon kwastoman da ya yaba, kwafin duk takardar da ka miƙa a ofis da hatimin karɓa a kanta. Ranar cike rahoton aiki na shekara, ko ranar da aka ce kawo takardunka gobe da safe, ko ranar da sabon kwastoma ya ce nuna min aikinka, daga jakar nan za ka ɗauko. A makon ƙarshe na Disamba ka zazzage ta a tabarma, ka ɗauko takardar nan mai gida uku ka cike ta bana, sannan ka buɗe shafin "jira" ka ga a cikin abubuwan da ka ajiye wanne ne har yanzu yake da rai.